Shanun Baƙi

Baba Kailu, ƙanen mahaifina, manomin gero ne a ƙauyenmu kusa da Filinge. Shi aka ba riƙon injin wuta da wani furoje, wato shirin taimakon ƙauyuka, ya kawo ɗakin shan maganinmu. Injin ba ya shan mai. Gas yake ci, wanda ke tashi daga ramin ɗanyen kashin shanu, kuma cikinsa ya fi maƙera zafi. An gargaɗi Baba: in injin ya huce farat ɗaya, yana iya tsagewa.

Kuskuren tun ranar awo ya faru. Da kaka masu furojen suka zo, lokacin da garkunan Fulani ke kwance a gonakinmu suna cin kara. Suka tambayi shanun gari nawa ne, don su san girman injin da za su kawo. A wurinmu wanda ya kwana a gonarka ɗan gida ne, sai Baba ya haɗa har da na baƙi. Aka kawo injin da ya fi ƙarfin kashin shanunmu.

Rani ya yi, baƙi suka tashi. Allurar ma'aunin gas ta fara sauka. A cikin firigo kuwa, firijin da injin ke ba wuta, akwai allurar ciwon sukari ta matar Baba, Inna Tani, wadda zafi ke lalatawa.

Ya fara yanke layin cajin waya. Samari suka yi ca.

"Kailu, wutar ta gadonka ce?" in ji Baushe, maƙwabcinsa.

"Baushe, ba ni shanunka su kwana bakin ramin."

"Gonata fa? Mi za ta ci, addu'a?"

Baba ya dubi allurar ma'aunin, ta kusa jan layi. Inna Tani na zaune gindin bango.

"Ka ɗauki takin da na tara wa tawa gonar. Duka," in ji Baba.

Baushe ya ce, "Kai da bakinka ka faɗa, hwa."

Kafin la'asar ya koro shanun. Kashi ba ya zama gas nan take, don haka Baba ya kashe fitilu da fanka, ya bar firigo kaɗai. Kwanaki allurar na rawa a kan jan layin, mu ma muna rawa da ita, kafin ta ɗaga.

A shekarar gonar Baba ba ta cika rabin rumbu ba. Inna Tani ce ta yi sussukar ɗan abin da aka samu.