Kofin korona

A shekarar korona, yayana da abokan aikinsa suka ci kofin ƙwallon kwando a gasar da ma'aikata 'yan Afirka mazauna Doha ke shiryawa a tsakaninsu. Nas-nas ne da masu gyaran na'urorin asibiti, Musulmi da Kirista. An hana 'yan kallo shiga. Ni kuwa ina ɗaki a unguwar Bin Omran, makaranta ta koma cikin kwamfuta, sai in bi wasanninsu ta wayar da suke jinginawa a bakin fili. Ban bari ko ɗaya ya wuce ni ba.

Da gasar kofin duniya ta ƙwallon ƙafa ta zo, falonmu ya zama wurin kallo. Wata la'asar, ana hutun rabin lokaci, wani injiniya da ke wasa a ƙungiyar ma'aikatan gas ya ɗauko zancen.

"Kofin korona dai! Rabin ƙungiyoyi na killace, dogon ɗan wasanmu ya maƙale a Kano babu jirgi. Fisabilillahi, wa kuka doke?"

Aka yi dariya. Yaya ma ya dara, ya ce, "Haka ne, Injiniya, sa'a ce kawai."

Wannan ne ya ƙona ni. An sha faɗa masa haka har ya yarda, ya daina zuwa fili, takalmansa na wasa suka koma ƙarƙashin gado. Ni ba mai magana cikin taro ba ne, shayi ma a hankali nake miƙawa don kada a lura da ni. Sai kawai na ji muryata.

"Ba sa'a ba ce."

"A'a! Ashe ɗan boko na magana?" in ji injiniyan.

Na ci gaba. Na ce su Yaya ba su taɓa fita da mutum biyar iri ɗaya sau biyu a jere ba, domin kullum wani na bakin aiki a ɗakin masu korona. Sai suka kawo al'adar asibiti cikin fili. Yadda nas ba ya tashi aiki sai ya yi wa mai karɓarsa bayanin kowane majinyaci, haka mai fita daga wasa yake tsayar da mai shiga ya yi masa bayanin abokan karawa: wancan ya gaji, wancan hagu yake bi, wancan ba ya son a matse shi. Ba su da gwani, amma wanda ya shigo da shatin takunkumi a fuska ya san duk abin da na gabansa ya sani.

"Wannan ai gulma ce, ba wasa ba," in ji injiniyan.

Yaya ya ajiye kofin shayinsa. "Kai ma akwai bayaninka, ranka ya daɗe. In aka matse ka, sai ka dubi ƙasa kafin ka jefa ƙwallo. A nan muke ƙwace ta."

Falo ya ɗauki ihu. Injiniya ya miƙe tsaye. "Khalas, shi ke nan! Mu kara ranar Juma'a bayan la'asar, filin Al Wakrah. Dogonmu ya dawo, ka sani."

"Ku zo da shi," in ji Yaya.

An dawo daga hutu, kowa ya juya ga talabijin. Yaya bai ga sauran wasan ba. Yana baranda da waya a kunne, yana tambayar abokansa wa ke aikin safe ranar Juma'a, wa zai iya musanya da wani.