Ranar da Amfilifaya Ta Ƙi Magana

A layin masu gyaran mota, tsakanin shagon mai walda da rumfar mai faci, akwai wani gareji mai ƙofar ƙarfe da ake turawa sama. Nan ne wajen aikin Mai Sauti. Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa a layin, har matarsa ma in tana son tsokanarsa da wannan take kiransa. Aikinsa guda ne: ka kawo masa mota bebiya, ya mayar maka da ita tana girgiza tagogin unguwa.

Gajeren mutum ne mai faɗin kafaɗa, ba shi da yawan magana, amma ka kuskura ka taɓo zancen lasifika sai ka nemi hanyar gudu. Da gyaran rediyo ya fara tun yana saurayi, a kan wani teburi mai ƙafa uku da bulo. Da samari suka fara haukan sa kiɗa a mota sai ya bi su, kuma ya dace. Wayoyi kowa na iya haɗawa. Abin da ya raba shi da sauran shi ne kunne. In ya gama haɗi sai ya cusa kansa cikin but ɗin motar, ya kara kunne dab da lasifika, ya riƙa murza ɗan maɓallin ƙarfin amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti, da sukundireba a hankali, har ya ji daidai inda murya ta fara tsagewa. Nan sai ya dawo da shi baya kaɗan ya rufe but. Bai taɓa ƙona wa kowa lasifika ba, kuma yana faɗin haka ko ba a tambaye shi ba. In wani ya shigo da motar da aka ƙona a wani shagon, tun daga ƙofa yake shaƙar ƙaurin ya ce ai wannan kurma ne ya yi aikin.

Mai walda, wanda ko barci ba ya yi sai da tabarau saboda tsoron idonsa, ya sha gaya masa ya riƙa toshe kunne. Mai Sauti ya ce to in ya toshe da me zai yi aikin, da hanci?

Kunnen hagu ne ya fara tafiya. Bai tafi rana ɗaya ba, zarewa ya yi ta yi a hankali har ya ƙare, kuma Mai Sauti bai gaya wa kowa ba. Sai dabaru. In yana tafiya da mutum sai ya san yadda ya yi ya bar shi ta damansa. A gida ya canza wurin zama, matar ta ɗauka fanka yake gudu. In yara sun yi magana ta hagu bai amsa ba, sai uwar ta ce su ƙyale babansu, gajiya ce. Shi kuwa ya san abin da yake ɓoyewa. Wa zai kawo motarsa wajen kurma a saita masa sauti? Kunne guda ya rage masa, shi ne jarinsa, shi ne abincin gidan gaba ɗaya, kuma tsoron rasa shi ya fi tsoron komai girma a ransa.

Ran nan ya tashi da wani irin ƙugi a kunnen daman, kamar an bar injin nesa yana aiki. Maganar matarsa ta riƙa zuwa masa kamar daga bayan bango. Ya ce wa kansa mura ce. Ya yi hamma, ya haɗiyi yawu, ya toshe hanci ya hura, duk a banza. Ya fita da wuri don kada a ja shi da hira.

Wani direban haya ya kawo mota da sabuwar amfilifaya a kwali, da babbar lasifika da ya ce ƙaninsa ya ba shi. Mai Sauti ya kalli bakinsa ya gane da yamma zai dawo, ya gyaɗa kai. Da direban ya tafi sai ya jawo ƙofar garejin ƙasa fiye da yadda ya saba.

Hannu ya san aikinsa, babu ruwansa da kunne. Ya jawo jar waya mai kauri daga batir, ya sa mata fiyus kusa da kan batir ɗin, ya bi da ita ƙarƙashin kafet har but. Ya kankare fenti a jikin mota sai da ƙarfe ya yi fari, ya ɗaure baƙar waya a wurin. Ya jawo 'yar siririyar shuɗiya daga bayan rediyo, wadda ke tada amfilifaya in an kunna. Ya soka wayoyin sauti, ya haɗa lasifika. Ya zauna a kujerar direba, ya rage murya can ƙasa kamar yadda ake yi kullum a gwajin farko, ya murɗa makulli. Fuskar rediyo ta kama, sunan waƙa yana wucewa a kai.

Shiru.

Ya ƙara murya zuwa inda kullum yake fara ji. Shiru dai, sai ƙugin nan na cikin kansa. Ya fito daga motar.

To ai abin ba wuya. Ko wanda ya fara aikin jiya ya san abin yi: ka zagaya but ka ɗora yatsa a kan takardar lasifika. In tana rawa, sauti na fita. In ba ta rawa, haɗi ne bai yi ba. Mai Sauti ya zagaya, ya tsaya a kan lasifikar, ya maida hannuwansa baya ya riƙe ɗaya da ɗaya. Wallahi ya kasa. Domin in ya taɓa ya ji tana motsi, to ba motar ce bebiya ba. Ko tafi ɗaya da ya yi, ko ya buga sifana a ƙasa, da ya sami amsa. Bai yi ba. Har ajiye kayan aiki ya koma yi a kan tsumma, don kada su yi ƙarar da zai jira bai ji ba.

Sai ya shiga neman laifi a jikin mota, yana roƙon Allah ya samu. Bai taɓa yin addu'ar aikinsa ya zama ya lalace ba sai ranar. Ya zaro fiyus ya ɗaga shi a haske, yana fatan ya ga zaren ya tsinke. Lafiya lau yake, ɗan banza. Ya ɗauko tasta, abin gwada wuta, ya dangwala a kan jar waya, fitila ta kama. Ya girgiza baƙar waya ko ta yi sako-sako, ta ƙi motsi, shi da kansa ya ɗaure ta tamau. Ya gwada shuɗiyar, wuta na zuwa. Ya leƙa 'yar fitilar da ke jikin amfilifaya. Da ja ce, da ya san na'urar ta kulle kanta saboda wata waya ta taɓa wata. Koriya ce shar, tana kallonsa. Duk abin da ya duba ya tarar daidai.

Ya zauna a bakin but ya rasa abin da ke masa daɗi. Ya tuna 'yar autarsa da ke son raɗa masa magana a kunne, maganar da ba ta da kai balle gindi, tana yi tana dariya. Ya tuna masu layin, yadda za su fara yi masa magana da hannu, suna ɗaga murya suna tausaya masa. Tausayin nan ya fi komai ba shi tsoro.

Da ya sake sunkuyawa da tocila ne ya gani. Wayoyin sauti guda biyu, ja da fara, ya soka su a ramin fita maimakon na shiga. Ramukan suna jere, kamanninsu ɗaya, kuma tun safe hankalinsa ba ya jikinsa. Kuskuren da bai taɓa yi ba ke nan, amma zo ka ga murna. Har dariya ya yi shi kaɗai. Ashe motar ce! Ashe da ya taɓa lasifikar tun ɗazu da ya huta. Ya zagi kansa son ransa, ya zare wayoyin ya mayar inda ya dace.

Ya saurara. Akwai wani abu can nesa, kamar ana daka a wata unguwa.

Da mai hankali ne a lokacin, da ya tsaya nan. Amma tsoro ya riga ya cinye hankalin, ga shi kuma ya ɗanɗana. Sai ya yi abin da jikinsa ya saba tun ƙuruciya: ya cusa kai cikin but, ya kara kunnen daman dab da lasifika, ya sa sukundireba a maɓallin ƙarfi. Ya murza, dakan ya matso kaɗan. Ya ƙara. So yake kawai ya ji muryar mawaƙin ta fito sarai sau ɗaya, ya tabbatar. Yana jiran wurin da murya ke tsagewa don ya tsaya, wurin bai zo ba, ya ci gaba da murzawa. Murfin but yana karkarwa a kan ƙeyarsa, ƙirjinsa na amsawa, haƙoransa na haɗuwa. Sai ya ji kamar an soka masa allura a can cikin kunnen. Daga nan har ƙugin da ya tashi da shi ya ɗauke.

Ƙauri ne ya fara gaya masa. Ya san shi sarai, ƙaurin lasifikar da aka ƙona.

Wani ya fizgo shi ta wuyan riga. Mai walda ne, tabarau a goshi, fuska a murtuke, bakinsa na buɗewa yana rufewa. A bayansa mai faci ya zura hannu ta taga ya zare makulli. Mutane sun cika bakin ƙofa, wasu da hannu a kunne. Mai Sauti ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Bakuna ne kawai ke motsi. Mai walda ya yi ta faɗa, ya yi ta nuna layin da hannu, sai kuma a hankali ya daina. Ya ƙura masa ido, ya cire hannunsa daga rigar. Ya juya ya kori mutanen, ya jawo ƙofa.

Ana cikin haka matar ta iso da kwanon abincin rana. Mai walda ya tare ta a ƙofa ya yi mata wata magana gajeriya, ya fita. Ta ajiye kwanon a kan benci ba ta ko duba inda ta ajiye ba, ta zo ta durƙusa a gabansa. Ya ga tambaya a bakinta amma ya kasa karantawa.

Nan ya gaya mata komai, tun daga kunnen hagu. Bai san ko da ƙarfi yake maganar ko a hankali ba, don ko muryar kansa ba ya ji. Ya ga dai ta dafe ƙirji. Sannan ya kamo hannunta ya zaunar da ita ta damansa.

"Zan rufe ido," ya ce. "Ki kira ni yadda kika saba. Kada ki taɓa ni, kira kawai."

Ya rufe ido. Ya tattara duk abin da ya rage masa ya kai kunnen nan, ya jira. Ya yi ta jira. Har ransa ya fara ɓaci, wannan wace irin mace ce, mutum na cikin wannan hali ita tana jan rai.

"Haba, ki kira mana," ya ce, ya buɗe ido.

Bakinta a buɗe yake, jijiyoyin wuyanta duk sun miƙe, hawaye na zuba har haɓa. Tun ɗazu take kira.