Ɗanyen Icen Gwaggo Huseina

A Wurma, in ka tambayi babban mutum wa ya yaye shi, da wuya ya ce maka ba Gwaggo Huseina ba. Ƙanwar mahaifinmu ce, gajeruwa, mai ƙatuwar murya, sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Murhunta ba ya mutuwa tun hantsi har la'asar. Sana'arta ta biyu kuwa, wadda ba a biyan ta sai da godiya da ɗan goro, ita ce yaye. Yaro ya isa barin nono, sai a goyo shi a kawo mata, uwar ta koma gida tana sharar hawaye.

Gwaggo ba ta yarda da shafa maɗaci a nono ba. Cewa take mugunta ce, kuma yaro ba ya mantawa. Ita dai ba ta barin yaro ya zauna haka kawai yana tunanin abin da ya rasa. Ta ba shi ɓawon gyaɗa ya kwashe, ta sa shi korar kaji, ta dama masa kunu da zuma. Tana da magana guda da kowa ya haddace: yaye bai yi ba sai ranar da uwa ta shigo, yaro ya ɗaga kai ya dube ta, ya ci gaba da wasansa. Ni ma ita ta yaye ni, haka yayana Dalhatu.

Yaya Dalhatu masunci ne. Da aka gama dam ɗin Zobe ruwa ya taru, sai ya tattara iyalinsa ya koma can kusa da Dutsin-Ma, ya sayi kwalekwale. Yana cikin samunsa wata ƙugiya mai tsatsa ta huda masa ƙafa. Bai ɗauke ta a bakin komai ba, sai ga haƙora sun sarƙe, jiki ya sandare. Aka kwashe shi zuwa babban asibiti a Zariya, likitoci suka huda masa maƙogwaro suka haɗa shi da injin numfashi. Damina guda inji na yi masa numfashi. Allah ya yi da sauran kwana, aka cire injin, amma aka sallamo shi da ɗan bututun ƙarfe a wuya, ta nan iska ke shiga tana fita. Murya babu, sai nuni da hannu.

Malam Yunana, ma'aikacin lafiya a Dutsin-Ma, shi aka ɗora wa kula da shi. Mutum ne mai haƙuri, Hausa a bakinsa kamar a nan aka haife shi. Ya kawo wata 'yar toshiya ta roba, ya yi mana bayani: a riƙa toshe bututun kaɗan-kaɗan, har Yaya ya saba numfashi ta hanci kamar kowa. In ya jure yini da kwana a toshe, za a cire ƙarfen, ramin ya haɗe da kansa. In bai jure ba, shi da ƙarfen nan har abada, kuma shi da ruwa sai kallo daga nesa, don mai rami a wuya ba ya hawa kwalekwale.

To, nan fa gizo ke saƙa. Da an sa toshiyar sai idanun Yaya su firfito, ya hau haɗa gumi, hannu ya tafi wuya. Matarsa Rekiya kuwa, baiwar Allah, zuciyarta kamar man shanu a rana. Ya yi tari ɗaya, ta riga shi fizge toshiyar tana salati. Na yi faɗa har na gaji. Malam Yunana ya auna shi ya sake aunawa, ya ce ƙirjin lafiya lau, tsoro ne kawai ya rage.

Ranar kasuwar Dutsin-Ma Gwaggo ta zo sayar da mai, ta biyo dubiya. Ta zauna ta kalli wannan wasan da idonta, ta taɓe baki.

"Malam Yunana," in ji ta, "in na tafi da shi Wurma, za ka iya biyo shi?"

"Gwaggo, babur gare ni. Amma sharaɗi: in kika ga leɓensa ya sauya launi, ko numfashi na ƙara, a cire toshiyar nan take."

"Na ji. Kai ka san ƙirji, ni na san rigima. Rekiya, haɗa masa kayansa. Kada in ga ƙafarki a gidana sai na aiko."

Rekiya ta fashe da kuka. Ni kuwa dariya ta kusa kashe ni: ƙato mai gemu, uban 'ya'ya, an kai shi yaye! Na bi su don in taya Gwaggo aiki.

Da muka isa, ko zancen toshiya ba ta yi masa ba. Washegari ta jera ice a murhu, hayaƙi ya turnuƙe gidan. Ta yi ta murza ido tana mita, wai tsufa ya ci ƙarfinta. "Dalhatu, ba ka da tausayi? Taso ka hura mini wutar nan, gyaɗata za ta lalace."

Ya durƙusa ya kumbura kumatu, ko toka ba ta motsa ba, iskar duk ta wuya take zurarewa. Gwaggo ta ce, "Au, ashe ban da ɗa." Abin ya yi masa ciwo. Ya sa yatsa ya danne bakin bututun, ya ja numfashi ta hanci, ya hura. Wuta ta kama. Ya tsaya yana kallon ta kamar bai taɓa ganin wuta ba.

Haka aka yi ta yi. Wutar Gwaggo, wadda na san ba ta mutuwa, sai ta koma mutuwa kowane lokaci. Da hannu ɗaya ba ya iya gyara ice yana hurawa, shi da kansa ya miƙo hannu a ba shi toshiyar. Yana gamawa ya cire. Sai Gwaggo ta fara haɗa masa aiki a kan aiki, daga wuta zuwa juya gyaɗa, daga nan zuwa matsar mai, har ya riƙa mantawa da ita a wuya. Idonta kuwa kullum na kan leɓensa, ko da ta yi kamar kaji take kallo. Malam Yunana na zuwa ya saurari ƙirjin, ya sha fura, ya ce a ci gaba. Wata rana tsoron ya dawo masa, ya yi jifa da toshiyar. Gwaggo ta ɗauka ta wanke ta ajiye. Magana kam ya ƙi gwadawa sam, yana jin tsoron ya buɗe baki ya tarar babu komai.

Da hunturu ya kama, Gwaggo ta aika wa Rekiya ta zo. Toshiyar na wuyansa tun jiya da safe, har barci ya yi da ita, Malam Yunana ya sani. Rekiya na sallama a zaure, Yaya na durƙushe gaban murhu, hayaƙi na shigar masa ido. Sai muka ji wata murya a shaƙe, kamar ta tsohon zakara:

"Haba Gwaggo! Wannan icen ai ɗanye ne!"

"Na sani," in ji Gwaggo. "Ni nake jiƙa shi kowace safiya."

Rekiya ta saki ƙullin kayanta a ƙasa, ta toshe baki da mayafi. Wallahi ni ma sai da na yi hawaye, don na fid da ran sake jin muryar nan. Yaya ya ɗaga kai ya dubi matarsa. Hannunsa bai je wuya ba.

"Sannu da hanya," ya ce. "Zauna, bari in gama da wutar nan."

Ya sunkuya ya ci gaba da hurawa. Gwaggo ta goge hannu a zani, ta dubi Rekiya.

"Gobe ku wuce wurin Malam Yunana a cire ƙarfen. Kifin farko nawa ne, kuma ban son mai ƙaya. Zo ki ɗauki abinki, ya yayu."