Ɓangaren hagu

Ina cikin zagin wanda ya sayar min da IC, wani ɗan mitsitsin kayan lantarki, sai Kawu Sale ya leƙo ɗakina.

'Yar amfilifayar hedifon na haɗa da hannuna, ina sauya op-amp, wato IC ɗin da ke ƙara sauti, in ji wanda ya fi daɗin sauti. Kowanne na sa, hagu ƙasa-ƙasa yake fita.

"Jabu ya ba ni, Kawu. Gobe zai gane kurensa."

"Sarkin faɗa, juya hedifon ɗin tukuna, dama ta koma hagu."

Na juya. Kunnen hagun dai bai ji sosai ba.

Na daɗe ina lodi a tashar motocin Upper Iweka cikin hon ɗin tireloli. Gobe asibiti zan nufa, ba kasuwa ba.

Masu aiki cikin ƙara, yaushe rabonku da gwada kunnuwanku ɗaya bayan ɗaya?