Mushe Ta-Ina-Ka-Biyo

Duk wanda ya yi kolej a Tasawa a zamaninmu ya san babban yatsan Kawu Illa. Ka kai masa dabuwar ɗinka, wato aikin gida na lissafi, kafin ya duba komai sai ya danne amsar da yatsan nan, ya leƙo ka ta saman tabarau: "Ta ina ka biyo?" Har sunansa ya ɓace, kowa sai Mushe Ta-Ina-Ka-Biyo, don Mushe muke ce wa malami da Faransanci. Ni ɗan ƙanwarsa ne, kuma wallahi zumuncin bai taɓa ƙara mini ko rabin maki ba.

In amsarka daidai ce amma ba ka nuna hanya ba, zero. In ka ɓata a ƙarshe amma da ƙafarka ka taka, sai ka ga maki har da "madalla". Mai miƙa farar takarda kuwa, wayyo! Wata rana Rabi, 'yar ajinmu, ta ce, "Mushe, ni kaina ba ya ɗaukar lissafi."

Ya ce, "Kan da ke ɗauko tulu tun daga rijiya? Ke ko kuskure kin kasa yi mini? Tafi ki yi kuskure ki kawo, mu samu abin gyara!"

Rabin nan ita ce yau ke koyar da lissafi a Mayahi.

Abin da ya raba shi da Tasawa kuwa wani egzama ne, wato jarrabawa. Tambayar ita ce manoma nawa za su gama nome wata gona a yini ɗaya. Sani, gwanin ajin, ya yi tuntuɓe ya samu mutum uku da rabi, rabin ajin kuma suka kwafe. Kawu ya shigo da takardu, fuska ba annuri.

"Ku tashi ku nemo mini rabin mutumen nan! Saman ne ko ƙasan? In ƙasan ne, da mi za shi riƙe hauya?"

Sani ya samu makinsa. "Shi da guminsa ya ɓata," in ji Kawu. "Ku ko kun ga ɓatacce kun bi shi da gudu."

Cikin masu zero har da Habu, ɗan wani babban Alhajin kasuwa, yaron da don ƙwazo ya kwafe har da sunan Sani. Zeron nan zai sa ya maimaita aji. Washegari sai ga ƙaton rago ɗaure a ƙofar gidan Kawu. Ai kuwa ya kwance shi, ya ja shi ta tsakiyar kasuwa, rana tsaka, har shagon Alhaji.

"Alhaji, ga ragonka ya yi ɓatan kai. Na tambaye shi ta ina ya biyo, ya kasa faɗi."

Direktan lakwal, shugaban makarantar, ya kira Kawu ya ce ko ya gyara makin, ko a ɗauke shi daga Tasawa. Matarsa, Inna Hajo, har da kuka: "Malam, ga gida, ga yara! Ɗan maki ne fa za ka ƙara!"

Ya ce, "Na ji, Hajo. To ta ina makin za shi biyo?"

Aka jefa shi wani ƙauye can bayan garin Sarkin Hausa, inda sai amalanken jaki ke shiga, can ya zauna har ya aje aiki. Direktan kuwa gaba ya yi ta ci. Har yau abin yana ƙona mini rai.

Da Kawu ya rasu, ranar zaman makokinsa sai ga Habu, gemu ya fara fari. Ya zauna kusa da ni ya ce, "Shekarar da na maimaita na fara warware lissafi da kaina. Duk garin nan shi kaɗai ya taɓa ɗaukata mai hankali." Sai hawaye.

Kawu, yau kai ne gaban Mai tambaya. Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka. In an ce maka ta ina ka biyo, mu shaida ne, hanyarka a fili take.