Ƙunar Salansar Jumare

Ƙanena Jumare ɗan kabu-kabu ne, amma ba na cikin gari ba. Doya yake ɗaukowa daga ƙauyukan Mashegu zuwa kasuwar Kontagora, ya ɗaure ta a bayan mashin har ba ka hango ƙeyarsa. Ya sha faɗuwa a hanyar dajin nan, ya tashi ya kakkaɓe wando yana dariya. Kunnen ƙashi gare shi tun yana yaro, ni na goye shi, na sani.

Wannan karon ko faɗuwa bai yi ba. Salansar mashin ce ta lashe shi a ƙauri, ƙunar ba ta fi murfin kwalba ba. Abokin aikinsa Khalilu ya lakato baƙin mai daga inji ya shafa masa, yadda suka saba yi a tasharsu. Da na yi faɗa sai ya ce, "Yaya Salihatu, kin fiye mita. Ya ma bushe."

Kuma ya bushe ɗin, daga sama dai.

Bayan 'yan kwanaki zazzaɓi ya kwantar da shi. Muka ce sauro ne, matarsa Ruka ta karɓo magani a kemis. Zazzaɓin bai sauka ba, aka ce to taifot ne. Sai rawar ɗari cikin zafin rana, jiki kamar garwashi amma tafin hannu sanyi ƙalau. Numfashinsa ya koma sama-sama. Ruka ta ce ya wuni bai yi fitsari ba. Da ya fara sambatu, yana kirana da sunan mahaifiyarmu da ta rasu, maƙwabta suka ce a dajin nan ya yi gamo, aka kira mai ruƙiyya. Kowa da tasa, ni kuwa kaina ya ɗaure, duk wanda ya faɗi tasa sai in ga kamar shi ke da gaskiya. Ƙafar nan tana cikin wando, babu wanda ya tuna da ita.

A asibiti wata nas ce ta yanke wandon da almakashi. Ƙaurin ya kumbura ya yi sumul, wani jan layi ya miƙe har cinya. Ta ce datti ne ya kwanta ƙarƙashin ɓawon ƙunar, ƙwayoyin cuta suka bi ta nan suka shiga jini, jinin ya kai su ko'ina. Na ce mata ciwon ai ya warke. Ta ci gaba da neman jijiyar da za ta sa masa ƙarin ruwa.

Washegari da hantsi ya cika.

Har yau abin bai zauna mini ba. Ranar sadakar uku Khalilu ya zo gaisuwa, idonsa jajir. Da ya tanƙwashe ƙafa a tabarma wandonsa ya ɗage, sai ga sabuwar ƙuna a ƙaurinsa, an shafe ta da baƙin mai. Ya ga inda nake kallo.

Ya ce, "Yaya, wallahi ni kullum yana yi mini aiki."