Goran da Nababa Ya Bari a Gummi

A mashigar gulbi ta Gummi, in ka ce kana neman Nababa sai a tambaye ka wane Nababa. In ka ce Kyaftin, nan take za a nuna maka kwalekwalensa. Sunan tsokana ne, ya bi shi shekara ashirin, alhali bai taɓa tuƙa abin da ya wuce wannan kwalekwale na fito ba.

Nababa ɗan Magaji masunci ne, kamun kifi kuwa gadonsu ne. Tun bai yi wayo ba aka ɗora shi kan gora, irin ƙaton nan da masunta ke kifa ƙirji a kai, ƙafa na bugun ruwa, hannu na riƙe da komar kamun kifi. Ya ƙetare gulbi a cike, tsakiyar damina, sau ba adadi. Sai dai a gidansu ba a shiga ruwa mai zurfi ba gora, kamar dai yadda manomi ba ya zuwa gona ba fartanya. Ba wanda ya taɓa tsayawa tunanin abin.

Da ya gama sakandare ya samu gurbi a wata makarantar horar da matasa aikin jirgin dakon kaya, can Kudu bakin teku. Wata shida ne. In ka ci jarrabawa a ba ka takardar da za ka hau jirgi da ita ka ga duniya. Takardar nan ce ta kai shi, ba wani abu ba.

Ranar farko aka jera su a rana, an yi musu aski ƙwal-ƙwal. Malaminsu, wani tsohon ma'aikacin jirgi da suke kira Bosan, ya ce wanda ya iya iyo ya ɗaga hannu. Nababa ya ɗaga, har da ɗan murmushi. Ba ƙarya ya yi niyya ba, iyakar saninsa ke nan. Aka ware waɗanda ba su iya ba, kullum da hantsi a kai su kwamin wanka suna shan ruwa suna tari. A cikinsu akwai Yusufu, mutumin Dareta, wanda gadonsa ke saman na Nababa, bai taɓa ganin ruwan da ya fi na rijiya ba. Nababa ya tasa shi gaba da tsiya, yana kiransa dutsen niƙa.

Makarantar ta karɓi Nababa. Usur da sassafe, fareti, garin rogo da wake har sai mutum ya gaji da ganinsu. Kankare tsatsa, shafa fenti, kashe gobara. Ƙullin igiya da ake koya wa mutane mako guda, shi gani ɗaya yake yi masa. Ranar da aka fita da su teku a ƙaramin jirgi, kowa na amai, shi yana tsaye yana cin gyaɗa. Bosan da ba ya yabon kowa ya ce wannan cikin ruwa aka haife shi. Maganar ta zaga makaranta, ta kuma yi wa Nababa daɗi fiye da kima.

Saura wata guda jarrabawa aka sanar da yadda za ta kasance: kowa zai diro daga dandamalin da jirage ke tsayawa, ba rigar ceto, ya yi iyo zuwa wani kwalekwale. Da yamma Nababa ya je kwamin shi kaɗai, don dai ya motsa jiki. Ya faɗa ɓangaren zurfi, ya miƙa ƙirji inda gora ya saba tare shi, bai tarar da komai ba. Ya nutse. Da kyar ya kama bakin kwamin ya fito, ya zauna yana haki, tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba.

Abin yi a fili yake: ya je ya gaya wa Bosan, a sa shi cikin masu koyo. Yusufu da ya gane, ya ce zai koya masa a ɓoye.

"Ni ɗan Magaji," in ji Nababa, "mutumin Dareta shi koya min ruwa? Ranar dai jikina za shi tuna."

Jikinsa bai tuna ba. Ranar jarrabawa ya diro, ya yi ƙasa, kuma Yusufun nan ne ya faɗa ya jawo shi a gaban kowa. Bosan ya ce ya tsaya wata uku ya sake. Nababa bai iya haɗa ido da mutane ba, washegari ya ɗaure jakarsa ya nufi tasha.

Da ya ba ubansa labari, Magaji ya ajiye komar da yake gyara ya dube shi da mamaki. "To wane mahaukaci na ka shiga ruwa ba gora?" Iyakar abin da ya ce ke nan, ya ci gaba da ɗinkinsa.

Yanzu Nababa na da mata da 'ya'ya biyar. Yana fito da manoman fadama da buhunan shinkafarsu, kuma duk Gummi ba mai ɗaure jirgi irin nasa. Yusufu kan turo masa hotuna a waya daga tashoshin jiragen da ko sunansu bai iya faɗa ba. Yakan duba, ya ce madalla, ya mayar aljihu.

Da ranin shekarar da ya dawo ya riƙa zuwa wani lungun gulbi shi kaɗai, ya ajiye gora a kan yashi, har ya koyi iyo. Kwanan baya wani fasinja da ya san labarin ya tambaye shi tsawon lokacin da abin ya ɗauke shi.

Nababa ya tura jirgi, sai da suka kai tsakiyar ruwa ya amsa.

"Kwana goma sha tara. Can kuwa, ranar da nig gane, saura kwana talatin."